Hanyar Bin Salsalar Gidan Mahauta a Ƙofar Dawanau

Bin salsala, wato bibiyar jerin iyaye da kakanni tun daga mutumin da yake raye har zuwa inda sanin mutane ya tsaya, aiki ne da ya fi sauƙi a gidajen sarauta da na malamai, domin sarakuna suna da maroƙa da marubutan da suka kiyaye musu sunayen magabatansu, su kuma malamai sun bar littattafan da suka kwafa da hannunsu, waɗanda sau da yawa suke rufewa da ambaton sunansu da na iyayensu da na malaman da suka karantar da su. Gidan mahauci bai sami wannan gata ba, duk da cewa fawa, wadda ita ce sana'ar yanka dabbobi da feɗe su da sayar da namansu, tana cikin tsofaffin sana'o'in da birnin Kano ya rayu a kansu, kuma tana da tsarin shugabancinta a ƙarƙashin Sarkin Fawa. Saboda haka mai neman tarihin irin wannan gida ba zai dogara da takarda kaɗai ba. Dole ne ya san yadda sana'ar take gudana, domin a cikin mu'amalolinta na yau da kullum ne aka ajiye mafi yawan abin da yake nema.

Abu na farko shi ne sanin wurin. Ƙofar Dawanau ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar Kano, tana arewa maso yammacin birni tsakanin Ƙofar Ruwa da Ƙofar Waika, a cikin Ƙaramar Hukumar Dala ta yanzu, kuma ta ci sunan garin Dawanau, wanda yake kan hanyar Katsina a ƙasar Dawakin Tofa, inda babbar kasuwar hatsi take. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zauna a Kano a shekarar 1851, ya lura cewa gidaje ba su cika cikin ganuwa ba, sun taru ne daga dutsen Dala zuwa kudu, ragowar fili kuwa gonaki ne da saura. Wannan yana nufin cewa yawancin gidajen da suke kusa da wannan ƙofa a yau ba su kai na kewayen Kasuwar Kurmi tsufa ba, don haka tambayar da za ta buɗe bincike ita ce wane ne ya fara kafa gidan, kuma daga ina ya taso. Amsar takan kai mai bincike ko dai tsofaffin unguwannin tsakiyar birni, inda mahauta suke da sashensu a Kurmi, kasuwar da aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ko garuruwan da suke bin hanyar Katsina irin su Dawakin Tofa da Bichi da Tsanyawa, ko kuma nesa da haka, wajen Katsina da Maraɗi da Damagaram.

Babban abin da yake rikita salsalar mahauta, wanda kuma ya kamata a tsaya a kansa sosai, shi ne cewa a gida ɗaya akwai jeri biyu da suke tafiya tare, jerin haihuwa da jerin koyon sana'a, kuma bakin mutane yakan gwama su. Hausawa sun bambanta ɗan gado, wanda ya tashi ya tarar da ubansa yana fawa, da ɗan haye ko shigege, wanda ya shigo sana'ar daga waje. Amma ɗan haye ba ya shigowa da girmansa a mafi yawan lokuta, ana kawo shi ne yana yaro a damƙa shi ga wani maigida, ya fara da wankin kayan ciki da ɗaukar nama daga mayanka zuwa kasuwa, sannan ya koyi fiɗa ba tare da ya huda fata ba, ya koyi sara da kasa nama kashi-kashi, har ranar da maigidan zai ba shi jari ya ware masa wurin zama. A duk waɗannan shekaru yana ci a gidan, yana kwana a zaurensa, ana kiransa ɗan gidan wane, wataƙila ma maigidan ne zai yi masa aure, kuma ba abin mamaki ba ne ya aurar masa da 'yarsa. Bayan an yi jikoki, sai a ji suna lissafa wancan maigida a matsayin kakansu na jini, ba don nufin yin ƙarya ba, sai don haka suka tashi suka ji ana faɗa. Haka nan abin yake ga ɗan riƙo, wato yaron da wani ɗan'uwa ya ɗauka ya raina, da agola, wato ɗan da mace ta zo da shi daga wani auren. Maganin wannan rikici shi ne mai bincike ya tanadi takarda biyu tun ranar farko, ɗaya ya rubuta wanda ya haifi wane, ɗaya kuma ya rubuta wanda ya koya wa wane riƙon wuƙa, kuma a kan kowane suna ya yi tambayoyin biyu daban-daban. Jerin sana'a ba ƙaramin tarihi ba ne da za a jefar idan an gano ba na jini ba ne, domin shi ne yake bayyana yadda jari da wurin zama a kasuwa da amanar dillalai suka riƙa sauka daga hannu zuwa hannu.

Kafin a fara tambaya sai an nemi izini, kuma neman izinin yana da tsarinsa. Ana farawa da babban gida, wato dattijon da ya fi kowa shekaru a zuriyar, a yi masa bayanin manufa a fili, domin mutumin da ya ga baƙo yana tambayar sunayen magada da iyakokin gida zai fara zaton rigimar gado ce take tafe. Daga nan sai a gaida mai unguwa, sannan a je wurin Sarkin Fawan kasuwar da gidan yake hulɗa da ita, a yi gaisuwa irin ta sarauta da "ranka ya daɗe", a ajiye goro. Lokacin zuwa ma abin lura ne, saboda mahauci yakan fita tun da asuba zuwa mayanka, ko babbar mayankar Kano da ake kira Abbatuwa kusa da Ƙofar Mazugal ko wata ƙaramar kwata, ba ya samun kansa sai rana ta take, shi kuwa mai tsire da balangu aikinsa yana kankama ne da yamma. Tsakanin azahar da la'asar ya fi dacewa da hira, kuma bai kamata a nemi kowa a kwanakin da suke gab da Sallah ba.

Maza sukan san jerin uba da kaka da labarin kasuwa, amma sanin aure da saki da 'ya'yan da suka rasu suna ƙanana da dangin da suka yi nisa yana hannun tsofaffin mata, musamman gwaggo, wato 'yar'uwar uba, wadda ta tashi a cikin gidan kuma ba ta yanke zumunci da shi ba ko da ta yi aure a wata unguwa. Namijin da ba muharrami ba ba zai shiga cikin gida ba, don haka yana bukatar mace daga dangin ta riƙe masa wannan ɓangare. Ita ma sai ta san alkunya, wato kawaicin da yake hana tsohuwa ambaton sunan mijinta da na surukanta da na ɗanta na fari. Idan aka tambaye ta da ladabi, "Gwaggo, wa ya haifi su Baffa?", za ta iya amsawa da "Malam" ko "mai gidan nan" ta yi shiru, kuma matsa mata rashin tarbiyya ne. Abin da ake yi shi ne a karɓi labarin daga bakinta, a nemi sunan daga bakin jikarta ko maƙwabciyarta. Ya fi kyau a zauna da kowane dattijo shi kaɗai kafin a tara su, domin a cikin taro ƙarami ba ya gyara wa babba magana ko da ya san ya yi kuskure.

Sunaye su ne tarko na biyu. Mutum ɗaya yana iya ɗaukar sunan yanka, wanda aka raɗa masa ranar suna, da sunan rana irin su Ɗanladi da Ɗanjuma da Ɗan'asabe da Bala, da laƙabin da aka sa masa don sakaya sunan kakan da aka mayar masa, kamar Abba ko Baba, da kuma sunan da abokan sana'a suka laƙaba masa a kwata, wanda sau da yawa shi ne ya fi shahara. Al'adar mayar da suna tana sa a sami Muhammadu ɗan Abdu ɗan Muhammadu ɗan Abdu, kuma idan zamani ya yi nisa sai masu ba da labari su haɗe mutum biyu masu suna ɗaya su zama ɗaya, jeri ya gajarce ba tare da kowa ya lura ba. Sarauta ma tana haɗiye suna, domin wanda ya riƙe Sarkin Fawa shekaru da yawa ba a sake kiransa da sunansa, jikokinsa kuma sai su ce "kakanmu Sarkin Fawa" ba tare da sun san ko na wace kasuwa ba ne, ko a zamanin wane sarki. Don haka a ƙarƙashin kowane mutum ana rubuta dukkan sunayensa, da wanda yake kiransa da kowanne. Alamar cewa an tsallake wani a jeri ita ce a ga tazarar da ba ta yiwuwa, misali a ce mutumin da aka haifa bayan samun mulkin kai a 1960 kakansa ya yi fawa a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855. Sai dai a yi hattara wajen yanke hukunci, domin a gidan da ake auren mata fiye da ɗaya dattijo yakan haihu yana da shekara sittin ko fiye, ɗan autansa ya zama sa'an jikokinsa.

Tsofaffi ba sa ƙirga shekaru da lamba, suna ɗaure su ne da abubuwan da suka faru, kuma aikin mai bincike ne ya riƙe waɗannan abubuwa da shekarunsu a ka. Zamanin sarakuna shi ne ma'auni mafi ƙarfi: Alu ya yi sarauta daga 1894 zuwa 1903, Abbas daga 1903 zuwa 1919, Usman daga 1919 zuwa 1926, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953, sai Muhammadu Sanusi har zuwa 1963, shekarar da Muhammadu Inuwa ya yi 'yan watanni ya rasu aka naɗa Ado Bayero. A tsakanin waɗannan akwai yaƙin basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa da ya ɓarke a 1893 ya tarwatsa gidaje da yawa, da shigowar Turawa a watan Fabrairu na 1903, da isowar jirgin ƙasa a 1911, da yunwar 1913 zuwa 1914, da canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973. Mahauta kuma suna da nasu ma'aunin da sauran mutane ba su cika riƙewa ba, wato shekarun da dabbobi suka yi wuya, kamar annobar bushiya da ta ƙarar da shanu wajen 1890 zuwa 1891, da farin 1973 zuwa 1974, da dawowar bushiya a 1983. Idan dattijo ya ce an yi masa kaciya shekarar da aka naɗa Abdullahi Bayero, an sami kusan shekarar haihuwarsa, saura 'yan shekarun da za a rage. Idan kuma an tarar da shekarar Hijira a rubuce, ana ninka ta da 0.97 a ƙara 622, ta yadda 1345 za ta ba da 1926, tare da sanin cewa shekarar Hijira takan ratsa shekaru biyu na Miladiyya.

Akwai wani ma'ajin tarihi da ya keɓanta da wannan sana'a, wato makaɗan fawa. Kalangu shi ne kiɗan mahauta tun asali, da shi ake sanar da mutanen gari cewa an yi yanka, da shi ake zuga su a wasan hawan ƙaho, inda mahauci yake tarar bijimi ya kama ƙahonninsa, kuma dambe ma an daɗe ana danganta shi da 'ya'yan mahauta. Kowane sanannen mahauci yana da takensa, wato kiɗan da aka keɓe masa, da kirarin da ake haɗa sunansa da na ubansa da na maigidansa a ciki, kuma da yake kiɗan ma gado ne, tsohon makaɗi yakan riƙe taken mutanen da suka rasu tun kafin a haife shi. Ya kamata a ɗauki muryarsa da izininsa, a biya shi haƙƙinsa, sannan a zauna da shi a warware kowane suna. Abin kiyayewa shi ne maroƙi yana ambaton wanda ya yi kyauta ya yi suna, yana tsallake matalauci da wanda ya bar sana'a, kuma kalmar "ɗan wane" a bakinsa tana iya nufin ɗa ko jika ko bara.

Abokan ciniki su ma shaidu ne. Fawa sana'a ce ta bashi, domin mahauci yakan karɓi sa a kara, wato kasuwar dabbobi, ta hannun dillali, ya yanka ya sayar sannan ya biya, kuma ba a ba da irin wannan amana sai ga wanda aka san gidansu. Abner Cohen ya bayyana yadda wannan tsari yake aiki a unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, inda masu masaukin fatake suke tsayawa tsakanin mai shanu da mahauci. Tsofaffin dillalai a kasuwannin Wudil da Dambatta da Maigatari, da majeman da suke sayen fatu da ƙiraga daga gidan, sukan san wanda ya gaji wane, da wanda ya karye, da wanda ya biya bashin ubansa bayan rasuwarsa.

Sai bayan an tattara na baki ake komawa ga takarda, domin sai an san sunaye da unguwanni ake gane abin da aka gani a rubuce. A cikin gida za a nemi a buɗe tsohuwar adaka, inda akan tarar da takardun haraji masu ɗauke da sunan mai biya da unguwarsa da shekara, musamman na kafin 1979, lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Akan kuma sami takardar cinikin gida da sunayen shaidu, da fasfon aikin hajji, da katin ƙungiyar mahauta, da hotuna, da ranakun haihuwa da wani malamin gida ya rubuta da ajami a bangon Alƙur'ani. Ba a ɗauke wa mutane waɗannan abubuwa, ana ɗaukar hotonsu ne a gaban mai su a mayar masa.

A wajen gida, babu takardar da ta kai ta rabon gado amfani. Shari'ar Musulunci ta wajabta a lissafa kowane magaji kafin a raba dukiya, mace ta sami rabin rabon namiji a tsakanin 'ya'ya, matan aure su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, idan mamacin ya bar zuriya. Saboda haka rajistar alƙali takan kawo sunayen mata da 'ya'ya mata waɗanda jerin baki ya manta da su, kuma tana raba gardamar jeri biyun da aka ambata, tun da ɗan riƙo da agola da yaron gida ba sa cin gado. Wanda aka rayu ana kiransa ɗan wane amma sunansa bai fito cikin magada ba, alhali yana raye lokacin rabon, to akwai dalilin sake tambaya a kansa. Tsofaffin rajistocin da Larabci aka rubuta su, don haka ana bukatar malamin da ya saba da rubutun hannu irin na Magaribi. Wanda yake son ganin kamannin waɗannan bayanai zai amfana da aikin Allan Christelow na 1994, wanda ya fassara shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914. Wuraren nema sun haɗa da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin lardin Kano suke ƙarƙashin sunan KANOPROF, da Arewa House, da kundayen digiri na Jami'ar Bayero waɗanda ɗalibai suka rubuta a kan unguwanni da sana'o'in birni. Takardun Turawa sun fi damuwa da adadin masu sana'a don aza haraji, da ingancin fiɗa saboda fatun da kamfanoni irin su John Holt da Ambrosini suke saye, don haka ba kasafai ake ganin sunan talakan mahauci a cikinsu ba. Amfaninsu shi ne su nuna yanayin da kakan ya yi aiki a ciki.

Idan wani reshe na gidan ya ɓace, a bi hanyar shanu. Mahautan Hausa sun bi dabbobi zuwa Sabo ta Ibadan da Agege a Legas da zangunan Kumasi da Ankara, inda sarautar Sarkin Fawa ta kafu kamar yadda take a gida, kuma wasu sun dawo a ƙarshen 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana. Wasiƙa ko saƙon murya zuwa ga Sarkin Fawan can, ɗauke da laƙabin mutumin da sunan maigidansa na Kano, ya fi sunan yanka saurin kai ga zuriyarsa.

Akwai wuri ɗaya da gaskiyar mai bincike take shan gwaji. Al'ummar Hausa ta daɗe tana ajiye mahauta a ƙasan jerin daraja, kamar yadda M. G. Smith ya rubuta a 1959, kuma wannan raini, wanda ba shi da tushe a addini, ya sa wasu zuriyoyin da suka yi karatu ko arziki suke ɓoye fawa a tarihinsu, ko su jingina kansu ga wani malami ko basarake. Wani lokaci kuma bincike yakan kai ga kakan da ya shigo birni a matsayin bawa ya fanshi kansa ta hanyar murgu, wato kuɗin da bawa yake biyan ubangidansa don a bar shi ya yi sana'ar kansa, domin ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936. Bai halatta mai bincike ya ƙirƙiro asalin da babu shi don ya faranta wa masu gida ba, haka kuma bai halatta ya tona abin da zai ɓata auren wani ko ya zubar da mutuncinsa ba. Abin da ya dace shi ne ya kai abin da ya gano ga babban gida a keɓe, su yanke abin da za a yaɗa da abin da zai tsaya a cikin dangi, amma kada a sauya abin da aka rubuta a kundin asali. Mutumin da ya ciyar da iyalinsa da halal ta hanyar wuƙa da gatari, ya riƙe amanar dillalai shekara da shekaru, ya cancanci a rubuta shi da sana'arsa.

Wajen rubutawa, kowane bayani yana tafiya da madogararsa: wanda ya faɗa, da shekarunsa, da dangantakarsa da wanda ake magana a kai, da ranar da aka yi hirar, da kuma ko ya gani da idonsa ne ko ji ya yi. Abin da mutum biyu da ba su haɗa baki ba suka faɗa, ko takarda ta ƙarfafa, ana rubuta shi a matsayin tabbatacce, abin da mutum ɗaya ya faɗa kuma a jingina shi gare shi, inda aka saɓa kuwa a kawo ruwayoyin duka ba tare da an share ɗaya ba. Ana zana jerin haihuwa da layi cikakke, jerin sana'a da layi mai ɗigo-ɗigo, a sa mata da sunayen gidajen da suka fito. Idan an kammala sai a karanta wa dattawan da aka yi hira da su don su gyara, a buga kwafi da yawa a raba wa kowane reshe na gidan, a ajiye muryoyin da hotunan takardun a wuri fiye da ɗaya, sannan a bar shafuka farare a ƙarshen kundin don sunayen waɗanda za a haifa da gyaran da wata takarda za ta iya kawowa nan gaba.